Ƙidayar Eriya a Kasuwar Shanu

Ranar Laraba da hantsi Verlene Kopecky ta faɗo kicin ɗina ko ƙwanƙwasa ƙofa babu, ta ja kujera ta zauna, ta dire wata takarda kusa da kofin gahawata. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi a makarantar garinmu, Tilford, shi ya sa har yau da take da saba'in da takwas, in ta ajiye maka takarda sai gabanka ya faɗi, ka ɗauka sakamakon jarrabawa ne.

"Rochelle na zuwa ran Litinin," in ji ta. "Da takardun lauya."

Rochelle ita ce 'yarta ɗaya tilo, tana aikin inshora a Omaha. Yarinyar kirki ce, ban ce a'a ba, sai dai in tana yi maka magana ji kake kamar fom take cikewa.

"Takardun me kuma?" na ce.

"Na in sa hannu ta karɓi ragamar kuɗina. In na sa, sauran kin san shi. Ta riga ta samo min ɗaki a wani gidan tsofaffi kusa da ita, har hoton kifi a cikin gilashi ta turo min. Wai na fara ruɗewa, Darlys."

"Ke? Ke da kika kama banki da kuskuren senti goma sha bakwai bara?"

"Tana da hujja." Ta ƙwanƙwasa takardar da ɗan yatsa. "Majinyaci."

Mu takwas ne a Ƙungiyar Litinin, duk mata, autarmu shekararta sittin da uku. Litinin ɗin farko ta kowane wata muke haɗuwa a ɗakin ƙasa na coci, kowa ta kawo dala hamsin da abin taɓawa, mu zauna mu yi gardamar hannun jarin da za mu saya. Verlene ce ta kafa ƙungiyar shekara ashirin da shida da suka wuce. Ni kuwa, tun da na yi ritaya daga gidan waya, aka maƙala min littafin taro. Mun ci riba a kamfanin taki, mun ci a na tarakta, mun sha kashi a wani na barguna wanda har gobe ba a ambatonsa.

Majinyaci shi ne sunan da muka laƙaba wa kamfanin rediyon tauraron ɗan'adam, wanda kake biyan kuɗin wata ka ji tashoshi ɗari da wani abu a mota ko ina kake. Verlene ce ta kawo mana shi shekara shida da suka wuce, kowane hannun jari dala arba'in da biyu. Tun daga ranar yake gangara, yanzu yana goma sha tara. Duk taro sai wata ta ce, "Verlene, ya jikin Majinyaci?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi," alhali kowa na gani babu sauƙin.

Abin da ba mu sani ba, sai ranar nan ta gaya min, ashe ta saya wa kanta ma. Kashi ɗaya cikin uku na abin da mijinta marigayi Orval ya bar mata ta zuba a ciki, kuma duk faɗuwar da ya yi sai ta ƙara saye. Rochelle ta ga takardar dillalin hannun jari manne a jikin firji da ta zo hutu.

"Na ce mata ta zo taron Litinin ta ji rahotona," in ji Verlene. "In na nuna zai warke, ta koma da takardunta. In na kasa, in sa hannu."

"Alkawari kika yi mata?"

"Na yi."

"To lallai kin ruɗe ɗin."

Ta harare ni ta saman tabarau, ta janye kofina ta kurɓa.

Muka shimfiɗa takardun kamfanin a kan tebur. Gaskiya ba su da daɗin karatu. Bashi ya yi masa katutu. Masu biyan kuɗin wata suna raguwa kaɗan-kaɗan, kuma masu sharhi a jarida duk bakinsu ɗaya: mutane sun koma jin waƙa ta waya, wa zai biya tauraro? Amma fa har yanzu yana cin riba, yana raba wa masu hannun jari ɗan abin da ya samu, kuma ba shi da abokin hamayya a sama.

Ni maganar wayar nan ita ke ba ni haushi. Waɗannan yaran masu sharhi, ko ɗaya cikinsu ya taɓa tuƙa mota daga Tilford zuwa Valentine? Mil saba'in, ba sabis ko ɗigo, sai tuddan yashi da ciyawa da shanu suna kallonka. A nan wayarka ba ta fi dutse amfani ba. Rediyon sama kuwa yana nan, yana ba ka tsofaffin waƙoƙi da ƙwallon jami'armu. Kowa da na sani yana da shi. Na gaya wa Verlene haka, har da dukan tebur.

"Shi na gaya wa kaina shekara shida," ta ce. "Amma kin san doka."

Doka ta huɗu kenan, ita da kanta ta rubuta ta: ba a saye, ba a sayarwa, sai mutum biyu sun je sun gani da idonsu. Da za mu sayi kamfanin takalman aiki, mu biyu muka tafi North Platte muka wuni a bakin kanti muna ƙirga masu fitowa da kwali. Majinyaci ne kaɗai aka saya ba a je an gani ba, don a lokacin kowa ta ce ai gani ya wuce wanda ke cikin motocinmu.

"To ina za mu je?" na ce. "Abu a sama. Ni dai gwiwata ba ta hawa."

"Gobe Alhamis," in ji ta. "Ranar gwanjon maruƙa. Duk motar da ke gundumar nan za ta taru a kasuwar shanu. Ki zo da ɗan tsaninki na kicin."

Duk motar da ke kama rediyon nan tana da wani ɗan ƙaho baƙi a kan rufi, shi ne eriyar. Matsalar ita ce a-kori-kurar makiyayanmu dogaye ne, ni da Verlene kuwa Allah bai yi mu da tsawo ba. Haka muka bi filin ajiye motoci layi-layi, ni ina kafa tsani ina hawa ina leƙawa, ita tana ƙasa da littafi da fensir. Iska tana neman ɗauke min hula, ƙasa duk kashin shanu, daga cikin rumfa muryar mai gwanjo tana ta ɓarin baki.

"Akwai!"

"Saba'in da ɗaya."

"Akwai!"

"Saba'in da biyu. Ki daina ihu, ba kurma ba ce ni."

Maza na wucewa suna kallonmu, amma ba wanda ya isa ya yi dariya, don rabinsu sun zauna a ajinta. Sai dai su taɓa bakin hula su ce, "Barka da rana, Malama Kopecky," su ƙara sauri. Wani kare da aka bari a bayan mota ya kusa cire min hanci a layi na biyar. Ban fasa ba.

Kafin tsakar rana mun gama. Motoci ɗari biyu da talatin, masu eriya ɗari da tamanin da bakwai. Na sauko daga tsani kamar in taka rawa.

"Sama da kashi tamanin cikin ɗari!" na ce. "Verlene, kin ci. Rochelle ta je ta ba kifinta abinci da kanta."

"Tamanin da ɗaya da ɗigo uku," in ji ta. Ita ma na ga bakinta yana motsi, murmushi yana neman ƙwace mata. "Zo mu ci abinci, ni zan saya."

Gidan abincin kasuwa a cike yake maƙil, ana ta cin chili, wato faten wake da nama, da burodin kirfa. Muka samu wuri a teburin Delmar Hruska, wani ƙato mai tumbi, shekararsa sittin, yana da shanu dubu da wani abu, amma yana ganin Verlene ya cire gwiwar hannunsa daga kan tebur.

"Malama, me kuke nema a rufin motocin mutane? Ko tsuntsu ne ya ɓace?"

"Eriya muke ƙirgawa," na ce, ina ta cika baki. "Kamfaninmu ne. Ku ci gaba da biya, muna jin daɗinku."

Da na san abin da zai biyo baya da na cusa burodi a bakina na yi shiru. Verlene ta ajiye cokali.

"Delmar, nawa kake biya a wata?"

"Ni? Dala biyar."

"Biyar? A takarda ashirin da huɗu ne."

Delmar ya tuntsire da dariya har tumbinsa ya girgiza tebur. "Haba Malama, wa ke biyan ashirin da huɗu? Ai duk bayan wata shida matata Joleen ke buga musu waya ta ce a yanke mana. Sai yarinyar da ke amsa wayar ta marairaice, don Allah kada ku tafi, mu bar muku goma sha biyu. Joleen ta ce a yanke. To takwas. A yanke. To biyar. Sai Joleen ta ce bari ta yi shawara da maigida, ta ajiye wayar ta je ta juya miya, ta dawo ta ce maigida ya yarda da ƙyar."

"Motocinka nawa?"

"Huɗu. Ɗaya kawai ke kamawa. Sauran ai da eriyar aka sayo su, sun ba mu wata uku kyauta, ya ƙare, shi ke nan. Yaran nan nawa ba ruwansu, kafin su fito gida suke sauke abin da za su ji a waya, ko ba sabis yana yi."

Na ture kwanon chili ɗin gefe. Verlene kuwa ta buɗe sabon shafi, ta miƙe, ta ƙwanƙwasa kofi da cokali. Wallahi ɗakin nan ya yi tsit, har mai soya nama ya leƙo.

"Kowa ya zauna inda yake," ta ce. "Tambaya ɗaya zan yi, kuma ba na son satar amsa."

Ta bi su tebur-tebur. Mutum arba'in da ɗaya ta tambaya, duk masu eriya a rufi. Goma sha tara ba sa biyan ko sisi, ƙahon ado ne kawai. Ashirin suna biyan tsakanin biyar da takwas, kowa da dabararsa: wani ya ce zai sayar da motar, wani ya ce ya kurmance, wani har ya taɓa cewa ya mutu kuma ɗansa ne ke magana. Mutum biyu rak ke biyan cikakken kuɗi. Ɗaya tsoho Merlin Oberg ne, wanda ba ya jin magana a waya. Ɗayan kuwa bai ma san ana ragi ba, yana ji ya bar abincinsa ya fita waje da waya a kunne.

"Saura ɗaya kenan," in ji Delmar. "Sannu da aiki, Malama."

"Wa ya koya wa Joleen wannan dabara?" Verlene ta tambaye shi.

"Ƙawarku mana. LaVonne Stuhr. Ai duk matan gundumar nan ita ta koya wa, a wurin ɗinkin bargo."

LaVonne ita ce ma'ajin ƙungiyarmu. Mace ce da ke wanke ledar burodi ta shanya. Na sunkuyar da kai ina juya cokali, amma na san idon Verlene na kaina.

"Darlys."

"Na'am."

"Ke nawa?"

"Shida," na ce a hankali. "Afrilu da Oktoba nake kira. Yana rubuce a kalandata." Sai haushi ya kama ni. "To ke fa, uwar masu gaskiya?"

Ta rufe littafinta.

"Biyar da rabi," in ji ta. "Ni da na saka kuɗin Orval a ciki."

Shekara shida muna taruwa muna tambayar jikin Majinyaci, muna zagin yaran birni da wayoyinsu, ashe mu takwas ɗin nan, masu kamfanin, sau biyu a shekara muke bugawa mu yi masa barazana. Ba wadda ta taɓa haɗa abu biyun nan a kanta. Ragi ragi ne, hannun jari hannun jari ne, kowanne da ranarsa.

A hanyar komawa gida ni ke tuƙi. Rediyo na kunne, na miƙa hannu na kashe don kunya. Sai da muka wuce gadar jirgin ƙasa na yi magana.

"Ki ba su ƙidayar eriya kawai."

"Me kika ce?"

"Ɗari da tamanin da bakwai cikin ɗari biyu da talatin. Ƙarya ce? Ni na hau tsani na gani. Doka ta ce a je a gani, ba ta ce a je a yi wa mutane tambayoyi suna cin abinci ba. Rochelle ba ta san Delmar ba. Ki karanta lambar nan, mu tafa, ta koma Omaha."

"Sai kuma ƙungiya ta ci gaba da riƙe shi."

"Ta riƙe mana! Kuɗin barguna ma mun yi asararsu ba mu mutu ba. Gidanki ake magana, Verlene. Lambunki, kabarin Orval da kike zuwa duk Lahadi. A kan me za ki bar su? A kan Joleen Hruska da miyarta?"

"Shekara arba'in da ɗaya ina cire wa yara maki in sun rubuta amsa ba su nuna aiki ba."

"To ai yanzu ba aji kike ba! Taurin kan nan naki shi zai kai ki wurin kifin."

"Ki kalli hanya," ta ce. "Kina hawa layi."

Na sauke ta a ƙofar gidanta na wuce. Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji, don ban san yadda Tilford za ta kasance ba Verlene ba. Kwana uku ban kira ta ba, ita ma ba ta kira ni ba.

Ran Litinin da ƙarfe biyu muka hallara. LaVonne ta kawo kolache, ɗan burodin nan mai zaƙi a tsakiya, an yanka kowanne gida biyu kamar yadda ta saba. Rochelle ta zauna a gefe da kwat ɗinta na birni, jakar fata a kan cinya, bakin wata farar ambulan yana leƙowa daga ciki. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya da ladabi, idonta duk ya faɗa. Sai a lokacin na tuna ita ma ba don mugunta ta tuƙo mota awa biyar ba.

Na karanta bayanin taron baya, sannan Ardith Vogel ta yi tambayar da aka saba. "Verlene, ya jikin Majinyaci?"

Verlene ta miƙe da 'yan katunan rubutu a hannu, an ɗaure su da roba.

"Ba sauƙi," ta ce.

Ta fara da eriya. Da ta faɗi lambar, mata suka hau tafi, har LaVonne na cewa ai dama ita ta sani. Verlene ta bari suka gama, sannan ta juya kati. Ta kawo Delmar da motocinsa huɗu. Ta kawo goma sha tara, da ashirin, da biyun da suka koma ɗaya. Sannan ta ce duk wadda ke biyan ashirin da huɗu a ɗakin nan ta ɗaga hannu. Kowa ta shiga gyaran tabarau.

"Ni kuke kallo?" in ji LaVonne. "To laifi ne? Su suka ce biyar, ni na ce su ce?"

"Ba laifinki ba ne, LaVonne. Ke kin yi lissafinki daidai. Ni ce ban yi nawa ba." Ta juya kati. "Ga yadda na gani. Kamfanin nan ba zai mutu bana ba, ba zai mutu baɗi ba. Muddin akwai irin su Merlin Oberg da direbobin tirela, zai ci abinci. Amma warkewa daban ce. Kafin ya koma arba'in da biyu, sai ko masu biya sun ƙaru, ko kowa ya biya fiye da da. Masu biya tsufa suke yi, yaransu ba sa shiga. Ƙarin kuɗi kuwa, kun ji da kunnenku, nan ne inda aka fi sonsa a duniya, kuma nan ma sai an roƙe mu. Ga bashi yana jira. Na yi kuskure biyu. Na ɗauka duniya duk Tilford ce. Sannan Tilford ɗin ma ban tambaye ta ba. Shawarata a sayar. Nawa na sayar tun safiyar Juma'a."

Rochelle ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. "Mama, amma ai yana raba riba. Me zai hana a riƙe ana karɓa?"

Ban sani ba ko gwada ta take yi, ko taimakonta take son yi.

"Yana ba mu dala ɗaya a shekara a kan kowane hannun jari," in ji Verlene, ko katin ba ta duba ba. "Farashinsa kuma yana zubar da kusan huɗu a shekara. Cire ɗaya daga huɗu, Rochelle. Ni na koya miki."

Aka kaɗa ƙuri'a. Bakwai suka ce a sayar. LaVonne ta ce ita a riƙe, don tana tsoron in kamfanin ya ji mun fita, Oktoba mai zuwa ba za su yi mata ragi ba. Na rubuta haka a littafi kalma da kalma.

Verlene ta mayar da roba a katunanta, ta buɗe jaka ta zaro biro, ta juya wajen 'yarta.

"Na ce in na kasa nuna zai warke zan sa hannu. Na kasa. Kawo."

Ni kam na ƙura wa littafina ido, don na san in na ɗaga kai zan faɗi abin da bai dace da coci ba. Rochelle ta daɗe tana kallon uwarta. Sai ta sa hannu ta tura ambulan ɗin can cikin jaka, ta ja zif.

"Na manta su a Omaha, Mama," ta ce.

"Rochelle, ina ganin..." in ji Verlene.

"Na ce na manta su. Anti LaVonne, miƙo min rabin kolache ɗin nan."

"Ɗauki biyu," in ji LaVonne. Tun da nake da ita ban taɓa jin ta faɗi haka ba.

Rochelle ta kama hanya da wuri don kada dare ya yi mata, ni na ɗauki Verlene zuwa gida. Bakina ya ƙi rufuwa. Na kwaikwayi LaVonne, na kwaikwayi Delmar, na ce ai ni dama na san gaskiyar ce za ta fi, ban ko ji kunya ba. Na tsaya a ƙofar gidanta, amma ba ta buɗe ƙofar mota ba. Ta cire robar, ta zaro katin farko ta miƙo min.

"Karanta."

Na ɗauka lambobi zan gani. Zanen teburinmu ne na coci, da rubutunta mai tsabta kewaye da shi. LaVonne, jan gashi, hagu, ma'aji. Ardith, mai sanda, kusa da ƙofa. Marvel, ƙanwar Ardith. Haka har mutum shida.

"Mene ne wannan?"

"Tun bazara," in ji ta. "Lamba ba ta guje min ba, ko ɗaya. Sunaye ne. Sai in kalli fuskar da na sani shekara hamsin, in ji wurin fayau. Ran Alhamis sai da kika je wanke hannu na tambayi mai kawo abinci sunan Delmar. Rochelle ba ta yi ƙarya ba, Darlys. Hujjarta ce kawai ba daidai ba."

Na sake duba katin, na ƙirga da yatsa.

"Babu nawa."

"Naki ban kai ga rubutawa ba tukuna." Ta karɓi katin ta mayar cikin 'yan'uwansa. "Duk wata, kafin taro, zan nuna miki katin nan. Ranar da kika ga sunanki a kai, ki kira Rochelle da kanki. Kada ki yi shawara da ni, don ranar zan ce miki da sauƙi. Kuma kada ki zo min da irin dabararki ta ran Alhamis."

Na so in yi mata faɗa. Na so in ce ta nemi wata, ga Ardith, ga fasto, me ya sa sai ni. Amma kuka ne ya taso min, irin wanda rabona da shi tun jana'izar mijina, na riƙe sitiyari da hannu biyu. Ita kuwa ta zauna tana jira, kamar yadda take jiran yaro ya gama lissafi a allo.

"Kin yarda ko ba ki yarda ba?"

"Na yarda," na ce.

"To share fuskarki, maƙwabta na kallo."

Ta fita, ta bi ta tsakanin furanninta a hankali, ta hau matakala uku na baranda. Na jira har ta samo makulli ta buɗe, ta juyo ta ɗaga min hannu.

"Sai da safe, Darlys," ta ce da ƙarfi, yadda zan ji.